DARASIN KIWON LAFIYA: KARAYA A HANNU

Darasinmu na wannan fitowa a kan karayar hannu ne, domin da wuya zangon karatu ya ƙare ba a sami wanda ya faɗi wajen langa ko ƙwallo ba.

Ƙasusuwan hannu

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27: guda 8 a wuyan hannu, 5 a tafin hannu, 14 a yatsu. Kowane yatsa yana da 3, ban da babban yatsa mai 2. Ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa sau da yawa akan ɗauki karayarsu a matsayin targaɗe.

Yadda ake gane ta

Alamomin su ne kumburi, zugi mai tsanani in an taɓa wurin, da yatsa ya karkace ko ya gajarce. Ga gwaji mai sauƙi: a ce wa yaro ya dunƙule hannu a hankali. In wani yatsa ya hau kan ɗan'uwansa, to ƙashin ya murɗe. Kada a ce ai yana motsa yatsun, saboda haka ba karaya ba ce. Karyayyen yatsa ma yakan motsa.

Akwai iri biyu da ya kamata ku sani. Na farko, wanda ya naushi bango ko kan wani yakan karya ƙashin tafin hannu da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa. In haƙorin mutum ya huda fatar wurin, a nufi asibiti nan take, don irin wannan rauni saurin ruɓa gare shi. Na biyu, wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi yakan tsaga wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa. Wannan mayaudari ne: wani lokaci ba ya fita a hoton farko, sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14. Jini kaɗan ke isa gare shi, don haka in an yi sakaci yakan ƙi haɗewa.

Taimakon farko

1. A cire zobe da awarwaro tun kafin kumburi ya kama su.
2. Kada a ja yatsan, kada a murza.
3. A ɗora hannun a kan kwali mai ƙarfi, a naɗe sako-sako.
4. A rataye shi a wuya da ɗankwali, yatsu suna sama da gwiwar hannu.
5. A dafa ƙanƙara a cikin tsumma, ba kai tsaye a fata ba.
6. In akwai rauni, a rufe da tsumma mai tsabta, ban da barbaɗa toka ko wani gari.

Magani

A asibiti za a ɗauki hoton ƙashi. In tsagewa ce kawai, akan ɗaure yatsan tare da na kusa da shi, ko a sa filasta. In ƙashin ya goce, likita zai kashe zafin wurin ya mayar da shi. Wanda ya farfashe ko ya shiga gaɓa, akan riƙe shi da 'yar waya ko ƙusa ta hanyar aiki, kamar yadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Yawanci ƙashin yakan kama cikin mako 3 zuwa 6, sannan a shiga motsa yatsu don kada su sandare.

Jan kunne ga iyaye

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin yaro saurin kamawa gare shi. In aka yi mako biyu ana "bari mu gani", a karkace zai haɗe, kuma hannun nan shi ne na riƙe alƙalami. Sannan ɗauri mai tsanani, na maɗori ne ko filastar asibiti, yana tsai da jini. In yatsu suka yi sanyi, suka sage, farce ya yi fari ko baƙi-baƙi, ko zugi ya ƙi lafawa, a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne. Irin wannan jinkiri ne ke jawo a yanke hannu. Allah ya kiyaye, amin.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a yatsu?
2. Me ya sa akan sake ɗaukar hoto?
3. Kawo alamomi uku na ɗaurin da ya yi tsanani.