Murya Ɗaya a Gaban Baƙo: ECOWAS da Masana'antun Kano

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda ƙasashen da suka shiga ƙungiya ɗaya kan daidaita matsayinsu game da hulɗa da ƙasashen waje. Domin kada bayanin ya tsaya a sama, za mu auna shi da halin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a nan Kano.

An kafa Ƙungiyar Bunƙasa Tattalin Arzikin Ƙasashen Yammacin Afirka, wato ECOWAS, a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Ministoci ne ke tsara shawara, taron shugabannin ƙasashe ya zartar, sa'an nan hukumar ƙungiyar da ke Abuja ta bi sawu. A al'ada ba a cika jefa ƙuri'a ba, sai dai a yi ta tattaunawa har baki ya zo ɗaya. To amma kwastan da soja da sa hannu a kan yarjejeniya duk suna nan a hannun kowace ƙasa, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Alal misali, daga 1 ga Janairu, 2015, ƙungiyar ta fara aiki da kuɗin fito na bai ɗaya a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin. An kasa shi hawa biyar: kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari. Wannan hawa na ƙarshe Nijeriya ce ta dage a kansa, domin kāre masana'antunta. Mai buga atamfa ko mai ƙera robobi a Sharaɗa ya san amfaninsa, ko da yake fasa-ƙwauri kan rage masa albarka.

Inda aka fi jin jiki shi ne yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai. An wakilta wa hukumar ƙungiyar yin magana da yawun kowa, aka kammala a 2014, bisa sharaɗin buɗe wa kayan Turai kashi 75 cikin ɗari na kasuwar yankin a tsawon shekara 20. Da aka zo sa hannu sai Nijeriya ta noƙe, saboda ƙungiyar masu masana'antu ta nuna cewa kamfanin da ke fama da ƙarancin lantarki ba zai iya gogayya da na Jamus ba. Ghana da Kwaddibuwa kuwa suna tsoron a ɗora wa kokonsu da ayabarsu haraji a Turai, don haka kowace ta fara aiki da tata yarjejeniyar ta wucin gadi a 2016. Ita Nijeriya man fetur take kaiwa, wanda dama ba a ɗora masa irin wannan haraji. A ganina ba a yi kuskure ba wajen ƙin sa hannun, sai dai ya kamata mai karatu ya lura cewa ko a Kano bukata ba ɗaya ba ce: majeman Challawa da ke sayar da fata a Italiya da Sifen sun fi mai saƙa bukatar ƙofar Turai.

Akwai kuma lokacin da baki ya zo ɗaya, amma Kano ta ɗanɗana kuɗarta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, shugabannin suka taru a Abuja ranar 30 ga watan, suka rufe kan iyaka. Motocin da kan ɗauki sabulu da alewa da robobin Kano zuwa Maraɗi suka yi cirko-cirko a Jibiya. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi amincewa da batun kai yaƙi, aka kuma janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024. Duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, ta ragu daga ƙasashe 15 zuwa 12.