Amsar Tambaya: Me Ya Sa Linux Bai Ga Na'urata Ba?

Tambaya: Malam, na haɗa ma'aunin zafi a allon Raspberry Pi ta layin I2C, direbansa na cikin Linux, amma shiru. Ina matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalarka rashin gabatarwa ce. Na'urar USB ko PCI tana faɗin lambar kamfaninta da tata da bakinta, sai zuciyar manhajar Linux (kernel) ta nemo mata direba. Na'urar I2C kuwa baƙuwa ce marar baki, dole wani ya faɗi sunanta da adireshinta. A allunan ARM irin su Raspberry Pi, wannan aikin Device Tree ne: fayil mai lissafa kayan allo, kowanne da sunan kamfani da samfuri. Idan sunan ya yi daidai da wanda direba ya rubuta a jerinsa, harafi da harafi, sai a haɗa su. A kwamfutocin ofis, ACPI ke wannan aiki.

Wani zai ce, me zai hana a rubuta bayanin cikin zuciyar manhajar a huta? An gwada. Kowane allo ya zo da fayilinsa har suka yi tsibi, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya koka a 2011, aka rungumi Device Tree. Wani kuma zai ce manhajar ta laluba layin da kanta. Laluben na iya rikita wata na'ura, kuma adireshi ɗaya samfura da dama ke amfani da shi.

Saboda haka ka ƙyale direban. Rubuta bayanin na'urarka a Device Tree, ka tabbatar da suna da adireshi, sannan ka sake kunna allon.