KATIN ZAƁE DA MAI SHI

Darasinmu na yau a kan katin zaɓe ne, da abin da a ke nema ga mutum in ya je rumfar zaɓe. Ku karanta a hankali, gama mutane da yawa sukan yi sammako, su yini cikin layi, sa'an nan a sallamo su ba su jefa ƙuri'a ba.

Dattawa suna tuna zaɓen 12 ga Disamba, 1959. A lokacin nan maza kaɗai ke zaɓe a Arewa, mata ba su sami shiga ba sai a 1976. Kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna masa alamar jam'iyya. Alamar NPC fartanya ce, ta NEPU tauraro. Mutanen gari kuwa ba su da yawa. Mai unguwa ya san kowa, ya san ubansa, ya san gonarsa.

Yanzu ba haka ba ne. Ku dubi Funtua ranar kasuwa, ko Malumfashi, ko Bakori. Wa zai ce ya san kowa? A zaɓen 2023 masu rajista a Nijeriya sun haura miliyan 93, a Jihar Katsina kaɗai sun haura miliyan uku da rabi. Malamin zaɓe kuma sau da yawa baƙo ne, ɗan bautar ƙasa daga wata jiha. In ka ce masa, "Ai kowa ya san ni," shi dai bai san ka ba. Dole a sami hanyar da za a tabbatar cewa wanda ya zo shi ne mai sunan, kuma bai riga ya jefa a wani wuri ba.

To, ga yadda aka yi a zaɓen 25 ga Fabrairu da na 18 ga Maris, 2023, bisa dokar zaɓe ta 2022.

Mutum ya zo da katinsa na dindindin, wanda Hukumar Zaɓe, watau INEC, ta ba shi. Katin ɗan ƙasa bai tsaya a madadinsa ba, haka lasin tuƙi, haka fasfo. Sai ya miƙa wa malamin zaɓe. Malamin yana riƙe da wata na'ura mai kama da babbar wayar hannu, sunanta BVAS. Na'urar za ta nemo sunansa cikin rajistar wannan rumfa. Sa'an nan ya ɗora yatsa a kanta, ko kuwa a ɗauki hoton fuskarsa, ta gwada da abin da aka ɗauka ranar da ya yi rajista. In sun dace, an tantance shi ke nan. A duba sunansa cikin littafi, a shafa masa tawada a farce, a ba shi takardar ƙuri'a mai hatimi da sa hannu. Ya shiga wurin da aka keɓe, ya dangwala, ya jefa a akwati a gaban jama'a. An buɗe rumfa ƙarfe takwas da rabi na safe, an rufe layi ƙarfe biyu da rabi na rana, amma wanda ya riga ya shiga layi an bar shi ya jefa.

Kun ga ashe kati shi kaɗai bai isa ba. Sai kati, da suna a rajistar rumfar, da jikin mai shi, sun haɗu.

Akwai abin da ya shafe mu manoma musamman. Zanen da ke kan yatsa yakan goge. Wanda ya shekara yana riƙe ƙotar fartanya, ya yi cirar auduga, ya yi ɓarzar masara da hannu, yatsunsa sukan yi kanta, su tsage da hunturu. Tsofaffi ma haka, mata kuma ga lalle. A zaɓen 2015, sa'ad da aka fara aiki da na'urar karanta kati, yatsa kaɗai ta ke dubawa, aka sha wahala ƙwarai. Har shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, na'urar ta ƙi shi a garinsu Otuoke. Wanda ta ƙi sai a cika masa wata takarda a bar shi ya jefa. Wannan takarda kuwa ta zama ƙofar maguɗi, domin da ita a kan shigo da waɗanda ba su ne masu katin ba. Da BVAS ta zo aka daina ta. In yatsa ya ƙi, a gwada fuska. In duka biyun sun ƙi, babu ƙuri'a. A ganina wannan ya yi tsauri ga tsohon da ba laifinsa ba ne, amma ƙofar da aka toshe ta fi girma. Saboda haka ku wanke hannu ku goge kafin ku shiga layi. Mai rawani ya sassauta amawali, mai niƙabi ta buɗe fuska sa'ad da za a ɗauki hoto.

Yanzu ga maganar da na fi so ku riƙe. In zaɓe ya gabato, waɗansu mutane sukan bi ƙauyuka suna karɓar katin jama'a. Wani ya ce zai sa ka cikin masu samun takin zamani, wani ya ce rance ne, wani kuma ya fito fili ya ba ka kuɗi. Ku tambayi kanku, me zai yi da katin? Ba zai iya jefa ƙuri'a da shi ba, gama ba shi da yatsanka, ba shi da fuskarka. Abin da ya saya shi ne zamanka a gida ranar zaɓe. In ya san ƙauyenku ba nasa ba ne, ya tara kati ɗari biyu ya kulle a akwati, to, ya rage wa abokin takararsa ƙuri'a ɗari biyu. Kai kuwa sai bayan shekara huɗu. Dokar 2022 ta ce mai saye da mai sayarwa duka masu laifi ne, hukuncinsu tara har naira 500,000, ko ɗauri har shekara biyu, ko duka biyun. Maigida ma ba daidai ba ne ya riƙe na matansa ya hana su. Kowa nasa nasa ne, shi ya sa hukuma ba ta yarda wani ya karɓar wa wani ba.

Sai maganar waɗanda suka tashi. Mun sani rashin zaman lafiya ya kori mutane da yawa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Dandume, sun dawo cikin gari. Wanda ya yi rajista a ƙauyensu, sunansa yana can, ba zai same shi a wata rumfa ta Funtua ba. Kada ya sake sabuwar rajista, rajista biyu laifi ne, kwamfuta kuma tana gane yatsa. Abin da zai yi shi ne ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumar da ya ke zaune, ya nemi a mai da sunansa can. Wanda katinsa ya ɓace ko ya ƙone, shi ma can zai je. Amma a je da wuri. Dokar 2022 ta ce a nema aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Ba a biyan ko kwabo.

Kowace ƙasa da tata hanya. A Nijar, a zaɓen 2016, an yarda wanda ba shi da takardar shaida ya kawo mutum biyu su shaide shi, aka yi ta gardama a kai. A Ingila sai a 2023 aka fara neman shaida mai hoto a rumfa. Mu ma dokarmu takan sake, saboda haka kafin kowane zaɓe a aika wani mai karatu ofishin hukuma ya jiwo abin da a ke ciki, kada a dogara da labarin tasha.

Gobe kowa ya zo aji da katinsa. Za mu karanta sunan da ke jiki harafi harafi, mu ga ko an rubuta shi daidai. Za mu kuma karanta jerin lambobin da ke nuna jiha, da ƙaramar hukuma, da mazaɓa, da rumfa. Lambar Jihar Katsina 20 ce. Kowa ya kwafe nasa lambobin cikin littafinsa, domin ranar da aka manna rajista a bango ya nemo sunansa da kansa.