Darasi: Fasahar 'Yan Makaranta da Yaƙi da Bashin Ruwa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba laifi ba ne, ba da shi kuma taimako ne idan an yi shi bisa gaskiya. Darasinmu na wannan wata ya shafi wani irin bashi dabam, wato wanda ake bayarwa a ɓoye, ba lasisi, ba takarda, da ruwa mai nauyin da ba ya barin mutum ya miƙe. Za mu duba yadda makarantunmu na Gaya da Ajingi za su iya faɗakar da jama'a a kansa ta hanyar wasan kwaikwayo da zane da waƙa.

1. Yadda wannan bashi yake

Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin falle. A tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya ƙare kuma hatsi ya yi tsada, manomi yakan karɓi kuɗi da alkawarin biya da gero ko dawa ko gyaɗa in kaka ta yi. A kaka kuwa farashi yakan faɗi. Idan ya sauko zuwa rabi, kuɗin buhu ɗaya da aka ci a watan Agusta sai ya cinye buhu biyu a Nuwamba. Rumbu ya sake ƙarewa da wuri, mutum ya sake komawa ƙofar mai bashi, daga nan sai jinginar da gona.

Yanzu kuma bashi ya shigo ta wayar hannu. Akwai manhajojin da ke ba da kuɗi cikin mintoci kaɗan, amma sai sun kwashi lambobin da ke cikin wayar mutum. In ya yi jinkirin biya, sai su aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda irin wannan keta sirri. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin a Legas, daga bisani ta wajabta musu yin rajista.

Tsohon salo da sabo, ƙarfinsu ɗaya ne: kunya. Wanda bashi ya kama ba ya faɗa wa matarsa, balle maƙwabcinsa. Muddin ana yin shiru, kowa zai faɗa ramin shi kaɗai, ba tare da ya san wani ya riga shi ba.

2. Abin da addini ya koyar

A babi na 5 na Littafin Nehemiya an ba da labarin talakawan da suka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin samun hatsi a lokacin yunwa, da yadda Nehemiya ya tara jama'a, ya tsawata wa manya a fili har suka mayar da abin da suka karɓa. Mu lura, ya fito da maganar bainar jama'a ne, nan maganin ya fara. Ikklisiya ma ba ta tsaya ga tsawatawa ba. A 1462 aka kafa asusun ba da rance ga matalauta a birnin Farujiya na Italiya bisa wa'azin 'yan ɗarikar Faransis. A 1955 Fada John McNulty ya kafa ƙungiyar ajiya da rance a Jirapa, arewacin Ghana. Maƙwabtanmu Musulmi kuma addininsu ya haramta riba sarai. Saboda haka wannan aiki ne da Kirista da Musulmi za su yi tare ba da wata jayayya ba.

3. Dalilin sa yara gaba

Abin da babba ke jin nauyin faɗa, yaro yakan faɗe shi cikin wasa, a yi dariya, a kuma ɗauki darasi. Duk wanda ya kalli tashe a watan azumi ya san haka. Tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin da manoman da kansu suka bayyana. A Ingila kuma akwai rundunar yaƙi da masu ba da bashi ba bisa doka ba, wadda aka fara gwajinta a Birmingham a 2004. Daga cikin kuɗin da kotu ke ƙwacewa a hannun masu laifin takan tallafa wa ayyukan faɗakarwa, har da na fasaha a makarantu.

Mu ba ma bukatar kuɗi mai yawa. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Alli da kwali da inuwar darbejiya sun isa.

4. Sharuɗɗa uku

Na farko, a nuna lissafi. Misali, mutum ya ci naira 20,000, ruwa kashi 10 cikin 100 kowane mako, wato naira 2,000. Cikin mako 10 ya biya 20,000, uwar kuɗi tana nan daram. Cikin mako 52 ya biya 104,000. Yara su zana wannan a kwali, ko su jera duwatsu a fili, dutse ɗaya a madadin biyan mako ɗaya. Gani ya kori ji.

Na biyu, kada a ambaci sunan kowa, kada a kwaikwayi tafiya ko muryar wani sananne a gari. Malami kada ya tambayi yaro ko mahaifinsa yana da bashi. Kada kuma a mai da wanda ya ci bashi abin ba'a, domin sau da yawa ciwo ne ko yunwa ko kuɗin makarantar yaran nan ya kai shi. Wasan da ya ƙara masa kunya ya taimaki mai ba da bashin ne.

Na uku, a nuna mafita. A tsayar da wasan daidai inda manomi zai miƙa hannu ya karɓi kuɗin, a tambayi 'yan kallo me ya kamata ya yi. A bar su su kawo adashi, da ƙungiyar gama kai, da rumbun haɗin gwiwa da za a tara hatsi a kaka a rabar a damina, da rubuta yarjejeniya gaban shaidu, da kai ƙara wurin FCCPC in manhaja ta yi barazana.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne zangon karatu na uku, kafin hutun watan Yuli, tun rumbuna ba su ƙare ba. A gayyaci iyaye da mai unguwa da limamai da katikis.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A wane wata ne mutanen unguwarku suka fi cin bashi, kuma me ke kai su?
2. Wace ƙungiya ce a cikinmu, ta mata ko ta matasa, za ta iya buɗe asusun rance marar ruwa kafin damina mai zuwa?
3. Wa zai je ya yi magana da shugaban makaranta a wannan mako?