Darasi na 18: Mai gadin kwamfuta

1. Cutar kwamfuta

Kwamfuta na'ura ce mai bin umurni. Umurnin da aka rubuta mata domin ta yi wani aiki shi ake kira manhaja. Akwai manhajar rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta kallon hotuna. Akwai kuma wadda mugun mutum ke rubutawa domin ɓarna. Ita ce ake kira birus. Birus ba abu ne mai rai ba, ba ya kama mutum. An ba shi wannan suna domin yana yaɗuwa daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kamar yadda mura ke yaɗuwa cikin aji.

A shekara ta 1986 wasu ƴan'uwa biyu a birnin Lahor na ƙasar Pakistan suka rubuta birus mai suna Brain. Yana ɓoyewa cikin faifai, kowa ya ari faifan ya sa a kwamfutarsa, ya ɗauki cutar. Yanzu birus yana bin kile USB, da saƙonni, da shafukan intanet. Wani yana share fayil, wani yana satar lambobin sirri, wani yana kulle kwamfuta har sai an biya kuɗi.

2. Yadda mai gadi ke aiki

Domin maganin wannan ɓarna aka ƙirƙiro wata manhaja, ana ce mata antibirus. Aikinta irin na mai gadin ƙofa ne. Duk fayil da zai shiga, da duk shafin da za a buɗe, sai ta duba shi.

Tana gane ɓarawo ta hanya uku. Ta fari, tana da jerin kamannin birus ɗin da aka riga aka sani. In fayil ya yi daidai da ɗaya cikinsu, sai ta kama shi. Ta biyu, tana lura da hali. In wata manhaja ta soma canza fayil masu yawa a ɓoye, sai ta zarge ta, ko da ba ta cikin jerin. Ta uku, tana da jerin adireshin shafukan da aka samu da cuta ko da zamba. In mutum ya nufi ɗayansu, sai ta tare hanya, ta nuna gargaɗi, sau da yawa da jan launi.

Kullum ana rubuta sababbin birus. Saboda haka kamfanin da ya yi antibirus yana aiko mata da sabon jeri ta intanet. Wannan shi ne sabuntawa. Antibirus da ba a sabunta ba kamar mai gadi ne wanda ya san ɓarayin bara kaɗai.

3. Ihun gaskiya

Yawancin lokaci, in mai gadi ya yi ihu, da dalili. Shafin da mutum ya saba buɗewa ma yana iya kamuwa. Ɓarayi kan shiga shafin wani su dasa birus, mai shafin bai sani ba. Wani lokaci kuma talla ce da aka liƙa a shafin ke ɗauke da cutar. Wani shafin kuwa an kwaikwayi na banki ne, domin mutum ya rubuta lambarsa ta sirri a sace.

Ɓarnar birus ba wasa ba ce. Ran 12 ga watan Mayu na 1917 ba a san kwamfuta ba, amma shekara ɗari daidai bayan nan, ran 12 ga Mayu na 2017, birus mai suna WannaCry ya bazu cikin ƙasashe wajen 150. Ya kulle kwamfutoci fiye da 200.000, yana neman a biya dolar Amurka 300 kafin ya buɗe kowace. A Ingila asibitoci da yawa suka tsaya cik, aka ɗage ganin likita ga dubban marasa lafiya. Kamfanin Microsoft kuwa ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba, su cutar ta kama. Rigakafi ya fi magani.

4. Ihun kuskure

Amma mai gadi yakan yi kuskure. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka antibirus take. Wani lokaci fayil mai kyau yana kama da birus, ko kuma wani ma'aikaci ya yi kuskure wajen rubuta jerin.

Ran 31 ga watan Janairu na 2009, kamfanin Google ya liƙa wa kowane shafi na duniya gargaɗin cewa yana iya cutar da kwamfuta. Abin ya ɗauki kamar minti 40. Dalili kuwa ƙarami ne: an rubuta alamar nan / cikin jerin miyagun shafuka bisa kuskure, na'urar kuma ta ɗauka ana nufin dukan shafuka.

Ran 21 ga watan Afrilu na 2010, kamfanin McAfee ya aika da sabon jeri. Jerin ya ɗauki wani fayil na Windows XP, wanda kwamfuta ba ta aiki sai da shi, a matsayin birus. Antibirus ta kama fayil ɗin. Kwamfutoci suka riƙa mutuwa suna tashi ba iyaka. A jihar Rhode Island ta Amurka wasu asibitoci suka ɗage aikin tiyata wanda ba na gaggawa ba. A Ostareliya wasu manyan kantuna suka rufe, domin na'urorin karɓar kuɗi sun ƙi aiki. Sai da ma'aikata suka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa da hannu.

Me ya sa ba a yi mai gadin da ba ya kuskure? Domin in aka sa shi tsanani ƙwarai, zai kori baƙin kirki. In aka sassauta masa, ɓarawo zai wuce. Masu yin antibirus kullum suna neman tsakiya.

5. Ihun ƙarya

Akwai ihu na uku, wanda ɓarawo da kansa ke yi. Mutum yana karatu a wani shafi, sai rubutu ya faɗo a fuskar salula ko kwamfuta, yana cewa an sami birus da yawa, a taɓa nan maza a goge su. Wani lokaci har da ƙara da agogo mai ƙirga daƙiƙa. Wannan ba antibirus ba ce, tarko ne. Wanda ya taɓa, ko ya sauko da birus da hannunsa, ko a karɓe masa kuɗi. Alamarsa ita ce gaggawa da ban tsoro, da neman kuɗi ko kiran wata lamba. Shafin intanet ba ya iya binciken dukan abin da ke cikin salula. Maganinsa a rufe shafin, kada a taɓa kome a cikinsa.

6. Abin da ɗalibi zai yi

In gargaɗi ya fito, ɗalibi mai hankali ba ya firgita, ba ya kuma rena shi.

Ya tsaya, ya karanta abin da aka rubuta.

Ya duba ko daga antibirus ɗin kwamfutar ya fito, ko daga cikin shafin.

Ya duba adireshin shafin harafi bayan harafi, domin mazambata kan canza harafi guda.

Ya rubuta adireshin da sunan birus ɗin cikin kayensa, ya nuna wa malam.

Kada ya kashe antibirus domin ya wuce.

Malam yana iya gwada adireshin a wani shafi mai suna VirusTotal, wanda aka buɗe a 2004. Can ana tambayar antibirus fiye da 70 a lokaci guda. In ɗaya kaɗai ta yi ihu, watakila kuskure ne. In da yawa suka yi, a nisanci shafin. In an tabbata kuskure ne, sai a aika wa kamfanin da rahoto. Ma'aikatansa za su sake dubawa, su cire shafin daga jerin. Da haka rahoton mutum guda ke buɗe wa dubban mutane hanya. Matambayi ba ya ɓata.

Kalmomi

Manhaja: umurnin da kwamfuta ke bi.
Fayil: rubutu, ko hoto, ko waƙa, ko manhaja da aka ajiye cikin kwamfuta da sunansa.
Sabuntawa: karɓar sabon jeri ko sabon gyara daga kamfani.
Zamba: cin dukiyar mutum ta hanyar yaudara.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ce wa muguwar manhaja birus?
2. Ku faɗi hanya uku da antibirus ke gane ɓarawo.
3. Wane kuskure ne ya sa Google ya zargi dukan shafuka a 2009?
4. Mene ne bambancin ihun kuskure da ihun ƙarya?
5. Shekara nawa ke tsakanin Brain da WannaCry?

Aiki

Ku rubuta ƙa'idodi biyar na sashe na 6 da Hausa da Faransanci a babbar takarda, ku liƙa ta a bangon aji.