Labarin Gaya ta Bakin Kwara

Ya kai mai karatu, in ka ji an ce Gaya, kada ka zaci ta ƙasar Kano ce kaɗai. Akwai wata Gaya a ƙasar Dandi, bakin kogin Kwara, can ƙarshen kudu na ƙasar Nijar. Daga Yamai zuwa can tafiyar wajen kilomita 300 ce. Hayin kogi akwai Malanbil ta ƙasar Benin, wadda dā a ke kira Dahome. Gabas kuwa akwai Kamba ta Nijeriya.

Mutanen garin iri-iri ne. Da Kyangawa, waɗanda su ne mazauna na dauri, da Dandawa, da Zabarmawa, da Hausawa, da Filani. A shekarar 1591 mayaƙan Maroko suka karya daular Songhai, sai waɗansu 'ya'yan gidan Askiya suka gangaro ƙasar Dandi, suka riƙe sarauta a nan.

To, ka sani abin da ya raya Gaya shi ne fito. A dā, fataken Kano da na Sakkwato masu zuwa Gwanja sayen goro, tilas ne su ƙetare Kwara, da yawansu kuwa ta wajen Gaya da Illo su ke bi. Ayari ya kan sauka bakin ruwa da jakuna da kaya, madugu ya shirya da masu jirage, a biya kuɗin fito, kana a haye. Kafin a gama, mutanen gari sun sayar da hatsi da kifi da gishirin Foga, wanda a ke tacewa daga ƙasa a dafa, a wani kwari arewa da garin.

A 1898 Turawan Ingila da na Faransa suka yi yarjejeniya, suka ja iyaka. Illo ta faɗa rabon Ingila, Gaya ta faɗa rabon Faransa. A 1958 aka gina gada tsakanin Gaya da Malanbil. Da ya ke Nijar ba ta da teku, sai kayanta masu yawa suka riƙa sauka Kwatano, manyan motoci su hauro da su ta kan gadan nan. Gari ya cika da ma'aikatan kwastan, da dillalai, da 'yan dako.

Ba ciniki kaɗai ba. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga sauran ƙasar Nijar. A kan noma gero da dawa da shinkafa da rake, ga kuma dazuzzukan giginya.

Amma iyaka, in ta ciyar da kai yau, gobe ta hana ka. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kan tsibirin Lete, sai 2005 kotun duniya ta ba Nijar. A 2023 kuma, bayan soja sun karɓi mulki a Yamai, aka toshe gada. Motoci suka yi jerin gwano, kaya suka yi tsada, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale kamar zamanin fatake.

Tambayoyi
1. Waɗanne ƙasashe biyu ne ke maƙwabtaka da Gaya?
2. Me ya ke kai fatake Gwanja a dā?
3. Don me kayan Nijar suka riƙa bi ta Gaya?