Yaron da Rana ke Ci wa Fata

Kowace damina ruwa yana zaizaye katangar ƙasa. Da rani sai maigida ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe. Haka fatarmu take da rana. Manomin da ya wuni a gona, hasken rana yana ɓata ƙwayar halittar da ke cikin fatarsa, wadda likitoci ke kira DNA. Amma Allah ya sa wa jiki nasa masu yaɓen. Su yanke inda ya lalace, su cike gurbin, shi bai ma sani ba.

Akwai yaran da ake haifa da wannan gyara a gurgunce. Sunan cutar XP. A 1968 wani masani a Amurka, James Cleaver, ya gano rashin gyaran ne tushenta.

Gado ce, kamar sikila. Uwa da uba lafiyarsu lau, amma kowannensu yana ɗauke da irin. In haka ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ba ta da yawa, sai dai an fi ganinta inda auren zumunci ya yawaita, kamar Tunisiya da Maroko. Mu ma muna irin wannan aure, don haka ya kamata mu san ta. Ba maita ba ce, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarta a wurin cin tuwo.

Tun kafin yaro ya cika shekara 2, sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe da farare su fito masa a fuska da wuya da bayan hannu. Fata ta bushe. Ido ya yi ja, yana hawaye, yaro yana gudun haske. In aka bar shi a rana, ciwon daji na iya kama fatar kafin shekara 10.

Zabiya daban ne. Shi launin da ke tare rana ya rasa. Amma kariyarsu ɗaya ce.

Don Allah, kada a tura yaro mai XP kiwo ko talla da rana tsaka. A sa masa malafa, da riga mai dogon hannu, da baƙin tabarau, a shafa masa man kare rana. In ƙurji ya fito a fuska, ko leɓe, ko bakin harshe, ya ƙi warkewa, kada a tsaya shafa toka ko saiwa. A kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tun ƙurjin yana ƙarami, lokacin da likita zai iya cire shi.